Alkawarin Baki Ba Ya Biyan Kuɗin Asibiti

Akwai wata shari'a da aka yi a ƙasar Amurka wadda nake so mu tsaya mu dube ta da idon basira, domin kuwa a cikinta akwai darasi ga duk wanda ubansa, ko wansa, ko mijin yarsa ya taɓa sa kaki. A shekarar 1996 waɗansu tsofaffin sojojin sama su biyu, William Schism da Robert Reinlie, suka kai gwamnatin ƙasarsu ƙara. Dukansu sun shiga soja tun zamanin Yaƙin Duniya na Biyu, kuma kowannensu ya yi fiye da shekara 20 a bakin aiki. Kukansu shi ne, sa'ad da suke samari, masu ɗaukar kurata sun yi musu alkawari cewa duk wanda ya cika shekara 20 yana soja, to, shi da iyalinsa za su sha magani kyauta har iyakar ransu. Ga tsufa ya zo, sun haura shekara 65, sai aka ce su koma tsarin Medicare wanda aka tanada domin sauran tsofaffin ƙasa, su riƙa biyan kuɗin wata-wata kamar kowa.

Lauyan da ya tsaya musu, Kanar George Day, shi kansa ɗan mazan jiya ne, wanda ya yi fiye da shekara 5 yana fursunan yaƙi a Biyetnam, ya kuma sami lambar girma mafi daraja ta sojan Amurka. Abin mamaki, gwamnati ba ta musa cewa an yi alkawarin ba. Abin da ta ce kawai shi ne, waɗanda suka yi shi ba su da ikon yinsa, tun da Majalisar Dokoki ba ta taɓa rubuta shi cikin doka ba. A 2002 kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta ba gwamnati gaskiya, alƙalai 9 suka rinjayi 4. A 2003 kuma Kotun Ƙoli ta ƙi sauraron maganar, shi ke nan aka rufe littafi.

Abin da nake so in kafa a wannan maƙala guda ɗaya ne. Iyalin soja ba su da abin dogara ga sha'anin magani sai abin da doka ta rubuta, saboda haka wajibi ne su karanta shi su zaɓi tsarin inshorarsu tun suna lafiya, suna masu tuna ranar da ciwo zai zo. Hukuma kuwa, wadda ta tura mutum bakin daga, ba ta da hujjar mai da wannan zaɓi ya zama dajin da sai gwani ke fita daga cikinsa. Na ɗauki Amurka misali ne saboda a can iyalin soja ke da hanyoyi da yawa a gabansu, a can ne kuma ake iya ganin amfanin zaɓi da illarsa a fili.

Bari mu fara da tarihin abin a taƙaice. Da can matan soja da 'ya'yansu a asibitin bariki suke shan magani, in akwai gado da likita, in babu kuwa su nemi wani wuri da aljihunsu. A 1956 aka yi dokar farko da ta ba iyalin mai kaki damar ganin likitan farar hula gwamnati ta biya. A 1966 aka faɗaɗa ta, aka kafa tsarin da ake kira CHAMPUS, wanda ya haɗa da masu fansho. Cikin shekarun 1990 aka maye gurbinsa da TRICARE, wanda yake ɗauke da fiye da mutum miliyan 9, watau sojoji da masu fansho da iyalansu. Sa'an nan a 2001, a daidai lokacin da shari'ar su Schism ke gaban alƙalai, tsofaffin sojoji kuma suna ta matsa wa 'yan majalisa lamba, aka ƙirƙiro TRICARE For Life domin waɗanda suka kai shekara 65. Mai karatu ya lura, kowane mataki daga cikin waɗannan doka ce ta kawo shi. Abin da kotu ta kasa ba tsofaffin nan, Majalisa ce ta ba su wani ɓangare nasa da alƙalaminta.

To, yaya zaɓin yake ga iyalin sojan da ke bakin aiki? Shi sojan kansa ba shi da zaɓi, dole ne ya kasance cikin tsarin da ake kira Prime. Matarsa da 'ya'yansa ne aka ba hanya biyu. Ta farko ita ce Prime ɗin nan. A cikinta ana haɗa iyali da likita guda, galibi a asibitin soja, shi ne zai riƙa duba su, kuma ba su da ikon zuwa wurin ƙwararren likita sai ya rubuta musu takardar turawa. Ladan wannan biyayya shi ne, iyalin mai kaki ba sa biyan kuɗin rajista, ba sa kuma biyan ko kwabo wajen ganin likita muddin sun bi ƙa'ida. Amma wanda ya tsallake likitansa ya tafi wurin ƙwararre babu takarda, alhali ba ciwon gaggawa ba ne, zai fara biyan dala 300 daga aljihunsa, sa'an nan ya biya rabin sauran kuɗin.

Hanya ta biyu ita ce Select, wadda ta fara aiki ran 1 ga Janairu, 2018, a madadin waɗansu tsare-tsare biyu na da. A nan iyali su ke zaɓar likitansu daga cikin waɗanda hukuma ta amince da su, kuma galibi ba sa bukatar takardar turawa. Farashin wannan 'yanci shi ne, kowace shekara akwai wani adadi da za su fara biya kafin inshora ta sa hannu, bayan haka kuma su riƙa biyan wani kaso duk lokacin da suka je. Har ila yau ba kowane likita ne ke karɓar TRICARE ba, kuma wanda bai shiga yarjejeniya da hukuma ba doka ta yarje masa ya ɗora har kashi 15 cikin ɗari bisa farashin da aka yanke.

Mutane da yawa da zarar sun ji cewa ɗaya kyauta ne ɗaya kuma da biya, sai su ce ai magana ta ƙare. Ni a ganina nan ne kuskure yake farawa, domin araha ba ta ado. A ɗauki iyali biyu. Na farko miji da mata ne da jariri mai ƙoshin lafiya, suna zaune a bakin bariki mai babban asibiti. Waɗannan babu shakka Prime ya dace da su, tun da abin da suke bukata bai wuce allurar rigakafi da awon ciki da maganin mura ba. Na biyu kuwa suna da yaro mai ciwon sikila ko farfaɗiya, wanda ke ganin ƙwararru biyu ko uku a kai a kai, ga shi kuma aikin soja ya gaji canjin wuri bayan kowace shekara biyu ko uku. Duk sa'ad da aka canja musu gari, sai sun nemi sabon likitan iyali, shi kuma ya rubuta sababbin takardun turawa, kafin yaro ya koma hannun ƙwararre. Ga irin wannan uwa, makonnin da za ta yi tana jiran takarda na iya fi mata ciwo bisa ga 'yan dalolin da za ta biya a Select. Saboda haka tambayar farko da ta kamata iyali su yi wa kansu ita ce, wane ne mafi rauni a gidan nan, kuma likita nawa yake gani a shekara?

Tambaya ta biyu ita ce ta nisa. Ana ba da Prime ne galibi a yankunan da ba su wuce mil 40 daga asibitin soja ba, kuma ƙa'idar hukuma ita ce kada tafiya wurin likitan iyali ta wuce minti 30 a mota, ta ƙwararre kuma kada ta wuce awa ɗaya. Matar da mijinta ya tafi yaƙi ta koma garin iyayenta da yara, tana iya tarar da cewa tsarin da ya yi mata daidai a bariki ya zama kaya a ƙauye.

Tambaya ta uku ita ce, in abu mafi muni ya faru, nawa ne iyakar abin da zai fita daga aljihu? TRICARE yana da rufi, watau adadin da in iyali suka biya shi cikin shekara guda, to, hukuma ce za ta ɗauki sauran. Ga iyalin sojan da ya shiga aiki kafin 2018 kuma yake bakin aiki, rufin nan dala 1,000 ne. Wannan lamba ta fi kuɗin rajista muhimmanci nesa ba kusa ba, domin ita ce ke tsakanin gida da talauci ranar da aka ce ciwon daji ne. Amma fa a sani, tarar nan ta wanda ya tsallake takardar turawa ba ta shiga cikin lissafin rufin.

Sai kuma maganar lokaci. Ba kullum ake canja tsari ba. Sau ɗaya a shekara ake buɗe ƙofa, daga tsakiyar Nuwamba zuwa wajen tsakiyar Disamba, wanda bai yi motsi ba ya zauna inda yake har wata shekara. In ba haka ba sai wani babban al'amari ya faru a gidan, kamar aure, ko haihuwa, ko ƙaura, ko ajiye aiki, sa'an nan a ba da kwana 90. Jaririn da aka haifa ma sai an shigar da sunansa cikin babban littafin rajista na Ma'aikatar Tsaro cikin wannan wa'adi. Wa zai tuna da takarda a makon suna, balle ma in uban yana wata ƙasa da bindiga a kafaɗa? Duk da haka doka ba ta karɓar wannan uzuri.

Ranar da soja ya tuɓe kaki ne abin ya fi tsanani. Wanda ya cika shekara 20, ko aka sallame shi da fansho saboda rauni, yana riƙe da TRICARE, amma ba kai tsaye ba: sai ya sake rajista, ya kuma fara biyan kuɗin shekara. Har masu fansho na tsarin Select waɗanda da ba sa biyan kuɗin rajista, an ɗora musu shi tun daga Janairun 2021. Wanda ya yi sakaci bai biya ba ana cire shi, ya koma inda kakanninsa suke kafin 1956, watau jiran gado a asibitin soja in akwai. Idan ya kai shekara 65 kuma, TRICARE For Life ba ya aiki sai mutum yana biyan kuɗin wata-wata na sashe na biyu na Medicare, wanda ke biyan likitoci. Tsohon da ya ce shi soja ne, ba ya bukatar Medicare, ya yi asarar duka biyun, kuma in ya dawo daga baya ana iya ƙara masa kashi 10 cikin ɗari saboda kowace shekarar da ya makara.

Waɗannan ma su ne masu sa'a. Kimanin huɗu cikin kowane biyar na waɗanda suka shiga sojan Amurka suna barin aiki kafin su kai ga fansho. Su TRICARE ɗinsu yana ƙarewa ne da ƙarewar aiki. Waɗansu, kamar waɗanda aka sallama ba da son ransu ba, ana ƙara musu kwana 180. Akwai kuma wata inshorar wucin gadi da mutum zai saya da kuɗinsa, mai tsada, wadda ga shi sojan ba ta wuce wata 18. Daga nan sai asibitocin Ma'aikatar Kula da 'Yan Mazan Jiya, kuma a nan ne mutane da yawa ke ruɗuwa, domin asibitocin nan shi tsohon sojan suke dubawa, ban da matarsa da 'ya'yansa. Iyali ba su da rabo sai ta hanyar CHAMPVA, wanda aka kafa a 1973, shi kuwa sharaɗinsa mai ɗaci ne: sai in aikin soja ya nakasa maigida gaba ɗaya har abada, ko kuma ya mutu a dalilinsa. Matar mamacin ma in ta sake aure kafin ta kai shekara 55 ta rasa shi. Ashe ke nan mutumin da ya yi shekara 8 yana yaƙi a Iraƙi da Afganistan, ya dawo da ƙafafunsa biyu, dole ne ya nemo wa iyalinsa inshora daga sabon wurin aikinsa ko kasuwa, kuma mai hankali tun kafin ya miƙa kakinsa zai fara nema.

Akwai wani sashe da ya shafe mu kai tsaye, mu ɗalibai. Ɗan soja a Amurka yana cikin inshorar ubansa har ya kai shekara 21. In ɗalibi ne na cikakken lokaci, kuma uban ne ke ɗauke da fiye da rabin nauyinsa, ana ƙara masa zuwa 23. Bayan haka sai dai ya sayi TRICARE Young Adult da kuɗin wata-wata har zuwa 26. Abin takaici a nan shi ne, dokar lafiya ta 2010 ta ba 'ya'yan farar hula damar zama cikin inshorar iyayensu har shekara 26, amma ɗan soja sai an saya masa tasa daban. Ɗalibin da ya ajiye karatu na zango ɗaya saboda rashin lafiya yana ɗan shekara 22, yana iya rasa inshorar a daidai lokacin da ya fi bukatarta.

Na san akwai masu cewa yawan hanyoyin nan alheri ne, domin gida-gida bukata ta bambanta, kuma babu baitulmalin da zai iya ɗaukar kowa kyauta har abada. Akwai gaskiya a maganarsu, ban kuwa raina ta ba. Wanda aka ɗaure shi ga asibiti guda, in asibitin ya lalace ba shi da mafita. An ga haka a 2014, lokacin da ta bayyana cewa a asibitin 'yan mazan jiya na birnin Finiks ana ɓoye tsawon jerin masu jiran likita, har ministan ma'aikatar, Janar Eric Shinseki, ya ajiye aiki. Maganin da Majalisa ta kawo a shekarar, da wanda ta ƙara a 2018, shi ne buɗe wa tsofaffin sojoji ƙofar likitocin waje. Watau zaɓi ne ya zama magani.

Amma zaɓi yana amfanar wanda ya san abin da ke gabansa ne kawai. Hafsa mai digiri, wanda matarsa ta iya karatun takardun hukuma, zai bi hanyoyin nan ya fita lafiya. Kofur ɗan shekara 22, da gwauruwar da ke cikin takaba, da tsohon da idonsa ya yi rauni, su ne ke tsallake wa'adi, su ne ke faɗawa tara. Tsarin da ke hukunta mai rauni saboda ya makara da takarda, yana rage wa gwamnati kashe kuɗi ne daga aljihun waɗanda suka fi cancantar a tausaya musu. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ƙasar da ta ci moriyar ƙuruciyar mutum, ya kamata ita ce za ta neme shi ranar da wa'adinsa ya kusa, ta kuma sa shi cikin tsari mai kāre shi in bai ce kome ba, maimakon ta cire shi. Haka nan bai kamata nauyin tabbatar da cewa aiki ne ya jawo ciwo ya hau kan majiyyaci ba. Sai a 2022 Amurka ta yi dokar da ta amince cewa waɗansu cututtukan huhu da na daji na sojojin da suka shaƙi hayaƙin ramukan ƙona shara a Iraƙi da Afganistan daga aiki suke, bayan an shafe shekaru ana mai da masu neman taimako gida hannu banza.

To, in gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. A nan Nijeriya an yi dokar inshorar lafiya ta ƙasa a 1999, aka fara aiki da ita a 2005, sa'an nan a watan Mayun 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu kan sabuwar doka wadda ta wajabta inshorar lafiya a kan kowa. Sojoji suna da nasu kamfanin da ke kula da inshorarsu, Defence Health Maintenance Limited, ga kuma manyan asibitoci irin su Asibitin 44 na Kaduna. Mu ba mu da yawan hanyoyi irin na Amurka, amma muna da namu tarkon. Ƙa'idar da aka gina tsarin ma'aikata a kanta ita ce ma'aikaci, da abokin aure guda, da 'ya'yan cikinsa huɗu waɗanda ba su kai shekara 18 ba, sauran kuwa sai an yi musu rajista daban an biya. Kowa ya san yadda gidajenmu suke. Ina matsayin mace ta biyu? Ina na ɗa na biyar, da marayan ɗan'uwa da ake riƙo, da tsohuwar da ke zaune a ɗakin baya? Mu kanmu da muka haura 18, sunan wa muke ci in muka kwanta? Akwai tsarin inshora na ɗaliban manyan makarantu, amma mu nawa ne muka taɓa tambayar abin da ya ƙunsa da inda ya tsaya?

Saboda haka ina kira ga duk ɗan bariki da ke cikinmu, in ya koma gida hutun nan, ya zauna da mahaifinsa su buɗe takardu. A duba sunan wa ke cikin rajista, sunan wa babu. A duba wane asibiti aka zaɓa, da nisansa daga inda iyali suke zaune a yanzu. A tambayi yadda ake samun izinin zuwa babban asibiti, da abin da zai canja ranar da baba ya yi ritaya, da abin da zai rage wa inna in ta Allah ta kasance. Duk amsar da aka bayar da baki, a nemi a gan ta a rubuce, a kuma ajiye kwafi a gida. Ina kuma roƙon shugabannin ƙungiyarmu su gayyato jami'an inshorar lafiya su zo su yi wa ɗalibai bayani a fili, a ba mu damar yin tambaya.

Kowace ranar 15 ga Janairu ana ajiye furanni domin tunawa da 'yan mazan jiya, ana busa bigila, manya su yi jawabi. Wannan abu ne mai kyau, ba na kushe shi. Sai dai Schism da Reinlie ma an yi musu jawabai masu daɗi sa'ad da suke samari, ranar da suka je kotu kuwa takarda aka tambaye su. Mu da iyayenmu suka sha wuya suka turo mu jami'a domin mu iya karatu, mafi ƙarancin abin da za mu saka musu da shi shi ne mu karanta musu takardun tun da sauran lokaci.